JIRGIN WASA DA BUHUN MASARA: AMSA GA WANI MA'AIKACI

Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzutawa, wanda ke yalwata wa bawa a wani lokaci, Ya ƙuntata masa a wani, duk bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

A wannan mako zan ɗan jingine bayanin da muka saba, domin in amsa wata wasiƙa da ta iske ni a nan Mashi daga wani ma'aikacin gwamnati wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Wanda ya ji tambayarsa da farko zai iya yi mata dariya, amma da na juya ta sai na ga da wuya a sami gidan da ba ta shafa ba.

Ya ce shekarun baya an aike shi kwas Ingila, a can ya ga manyan mutane, dattawa masu furfura, suna tara ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, suna shimfiɗa musu layin dogo a kan tebur, da tasha da gada da duwatsu, kome daidai da na gaskiya sai dai ƙarami. Abin ya shiga ransa, ya sayo nasa, ya keɓe masa ɗan ɗaki a gidansa. Tun daga nan, bayan 'yan watanni sai ya yi saƙon tarago ɗaya ko wani guntun dogo. To, yanzu albashi ba ya kai shi 20 ga wata, kuma wani mai sayar da hatsi yana bin sa kuɗin buhu 2 na masara tun kafin azumi. Ana cikin haka wani abokin aikinsa da zai dawo daga waje ya yi masa tayin zai riƙo masa wani kan jirgi da ya daɗe yana nema, a kan dala 100. Uwargida kuwa ta ce a sayar da tarkacen nan duka a huta. Sai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, shin wannan wasa haram ne? Ya halatta in sayi kan jirgin nan? Kuma dole ne in sayar da wanda nake da shi?"

Ɗan'uwana, tambayarka ta farko ita ce mai sauƙi. Wasan ba haram ba ne. Asalin abubuwan nishaɗi halal ne matuƙar babu caca a cikinsu, kuma ba su hana salla ko wani wajibi ba. Jirgi ba shi da rai, balle a shigar da shi cikin hanin sassaƙa siffar mai rai, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya ba wani mai yin siffofi shawarar ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Manzon Allah (S.A.W.) ya ga kayan wasan Nana A'isha, har da doki mai fukafukai, ya yi dariya bai hana ba. Ya kuma kasance yana tambayar ɗan yaron nan Abu Umair labarin tsuntsunsa. Zuciya tana gajiya kamar yadda jiki ke gajiya. Mutumin da ya tashi daga ofis ya wuce gida ya zauna da 'ya'yansa suna gyara dogo, ya fi mini wanda ya wuce majalisar cin naman mutane.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma sai mun yi lissafi. A watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka sake wa naira mara a watan Yuni na shekarar, sai ta yi ta faɗuwa, har a 2024 dala ta haura naira 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Watau abin dala 100, a canjin shekarar 2024, ya fi albashin wata 2 na ƙaramin ma'aikaci. Kan jirgin bai ƙara girma ba, bai ƙara gudu ba, amma wurin da yake ci a cikin aljihunka ya ninka fiye da sau 3.

Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da ya rasu a 505 bayan Hijira, da Imamu Shaɗibi na Andalus da ya rasu a 790, sun kasa buƙatun ɗan Adam hawa 3. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita. Akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci ko da ba ya kisa. Sa'an nan akwai ƙawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ƙa'idar ita ce, ba a gina hawa na sama da tubalin da aka zare daga na ƙasa. Ci da sha da tufafin iyali wajibi ne a kan maigida gwargwadon halinsa, kamar yadda aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna, kuma kamar yadda kowane ɗalibi ya karanta a Risala. Biyan bashin da lokacinsa ya yi wajibi ne. Jirgin wasa kuwa ƙawa ne. Saboda haka abin da ya halatta gare ka a shekarar da kake da rara yana iya zama laifi a shekarar da ake bin ka, ba domin jirgin ya canza ba, sai domin kuɗin da za ka biya ba naka ba ne. Na mai masara ne.

A nan nake son 'yan'uwa ma'aikata su saurara da kyau, domin akwai wata cuta a cikin jinkirta bashi a zamanin tsada wadda ba kowa ke lura da ita ba. Mai hatsin nan ya ba ka buhu a kan farashin ranar. Shari'a ta hana shi ya ƙara maka ko kwabo saboda jinkiri, domin wannan riba ce. To, idan ka riƙe masa kuɗi wata 5 alhali kaya na tashi, ranar da ka biya shi, kuɗin ba zai maido masa buhun da ya ba ka ba. Ka ci masa uwar kuɗi ke nan ba tare da ka sa hannu a aljihunsa ba. Shi ya kiyaye dokar Allah a kanka, kai kuwa ka mai da kiyayewarsa hanyar cutar da shi. Hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci. Wanda ke da kuɗin sayen kan jirgi mai hali ne, ko da shi yana ganin kansa matalauci. Don haka amsar tambayarka ta biyu ita ce a'a. Ka ba abokinka haƙuri, ka kai wa mai masara kuɗinsa.

Kada ka ga kamar kai kaɗai wannan hali ya taɓa. Can ma inda aka ƙago wasan, shi ne abin da mutane ke fara yankewa idan zamani ya tsananta. Kamfanin Lionel na Amurka, wanda aka kafa a 1900, ya shiga hannun kotu a 1934 saboda karayar arzikin da ta fara a 1929, kuma cikin abin da ya taimaka ya farfaɗo har da wani ɗan keken dogo mai araha da ya sayar dala 1. A 1943, da yaƙi ya cinye ƙarfe, jirgin kwali ya buga ya sayar, kowa ya yanka ya harhaɗa da hannunsa. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda ya faro tun 1859, ya bayyana kasa biyan bashinsa a watan Fabrairu na 2009, a tsakiyar rikicin kuɗi na duniya, a shekarar da ya cika 150. Babban kantin Hattons na Ingila, wanda aka buɗe a Liverpool a 1946, ya rufe a 2024. Idan mutanen da ke karɓar albashi da fam da dala sun tsuke bakin aljihu a kan wannan abu, ina ga mai karɓar naira?

Saura tambaya ta uku, kuma a nan zan ɗan saɓa wa uwargida, tare da girmama ta, domin ita ce ke ganin gindin tukunya. Idan kuɗin da ka yi niyyar ba abokinka zai biya bashin, kuma iyali ba su rasa wajibinsu ba, to ba dole ba ne ka sayar da abin da ka riga ka mallaka. Abin da ke ajiye a ɗaki ba ya cin hatsi. Kuma kaya irin wannan ba su da kasuwa a wajenmu, ba mamaki abin da ka tara a shekara 10 a taya shi kuɗin tiya kaɗan ta gero. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin da ke tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, ba ta yabi gefe guda ba. Amma idan bashi ya kewaye ka har babu wata hanya, sai a sayar. Malaman Malikiyya sun ce wanda alƙali ya yanke wa hukuncin tsiyacewa ana sayar da dukiyarsa a biya masu bin sa, a bar masa abinci da sutura shi da iyalinsa, kuma Mukhtasar na Shaihu Halilu ya shigar da littattafai ma cikin abin da ake sayarwa. Idan littattafan da ke ɗakina ba su tsira ba, jirginka ba zai tsira ba.

Sa'an nan ina da wata shawara wadda ba fatawa ba ce. Ka tambayi kanka, me kake so a cikin wannan wasa, sayen ne ko ginin? Mu da muka tashi a nan, ba mu san kantin kayan wasa ba. Bayan girbi mukan tsinci karan dawa, mu feƙe ɓawonsa, mu yanka totuwarsa, mu ƙera mota har da ƙofa da taya. Wanda ya sami gwangwani da langa-langa da marfin kwalba, shi ne sarkin makera na unguwa. A shekarun tsuke bakin aljihu na 1982, da na tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, iyayenmu sun sha wuya, amma wasanmu bai tsaya ba ko na yini ɗaya, domin ba da kuɗi aka gina shi ba. Kana da kan jirgi, kana da dogo. Abin da ya rage, tasha da gada da rumfuna da gari, kara da laka da kwali za su yi maka. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita wajen 284, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da nan Mashi da Katsina da Jibiya. Me zai hana ka tara yaranka ku gina wannan hanya a kan teburinka, gari bayan gari, da kasuwanninta da ganuwarta? Babu wani kanti a Ingila da zai sayar maka da tashar Mashi. Yaran za su koyi awo da haƙuri da sunayen garuruwan ƙasarsu, kuma wa ya sani ko wani cikinsu ya ƙare a Jami'ar Sufuri ta Daura.

To, 'yan'uwa masu karatu, kada wani ya ce shi wannan bayani bai shafe shi ba tun da ba shi da jirgi. Kowa da jirginsa. Wani dokin hawan salla ne, wanda ke cin dawa da harawa kullum alhali kuɗin makarantar yara bai cika ba. Wani tattabaru ne masu tsada, wani kuɗin kallon ƙwallo ne na wata-wata, wani sauya waya ne duk shekara, wata kuma ankon biki ne. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zan ce haram ne a kan kansa. Amma kowa ya sa nasa a kan wannan ma'auni: shin iyalina sun sami haƙƙinsu? Shin akwai wanda ke jiran kuɗinsa a hannuna? Shin wannan abu yana cin kuɗi kullum ne, ko kuwa ajiye yake? Wanda ya tsallake tambayoyin nan lafiya, ya yi nishaɗinsa ba tare da nauyi a zuciya ba. Wanda ya makale a ɗaya, ya dakata har Allah Ya kawo sauƙi. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku kuma 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada ku ɗauki wannan magana ta zama bulala a hannunku. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci na gaskiya har ya samu. Ku bambanta tsakanin wanda ba shi da shi da wanda ke da shi ya karkatar. Ku riƙa rubuta bashi da ajalinsa, domin rubutu yana tsare zumunci.

Ɗan'uwana mai wasiƙa, na gode da ka tambaya kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Wannan kaɗai alama ce ta alheri. Ka je wa mai masara da kanka, ka ba shi haƙuri a kan jinkirin da ya wuce, sa'an nan ka dawo ɗakinka ka kunna jirginka da zuciya sakakkiya.

Allah Ya yaye mana wannan tsanani, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da ke hannunmu. Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.