Basir: Sunan da Ya Fi Cutar Yawa

Daga Kano har Mai Wurno, garin nan na gaɓar Shuɗin Nilu a kudu da Sinnar, da wuya a yi hirar rashin lafiya wani bai ce, "Ai basir kowa da nasa" ba. Ciwon baya basir ne, kumburin ciki basir ne, kasala da raunin mazakuta ma basir ake ɗora wa. A ganina kalmar ta yi wa cutar yawa, kuma wannan yawan yana da haɗari.

Daga Larabci muka aro ta: basur, jam'inta bawasir, wanda shi aka fi ji a bakin mutanen Sudan. A wurin likita ma'anarta ƙayyadaddiya ce. Kowane ɗan Adam ana haihuwarsa da wasu 'yan matasai na tsoka da jijiyoyin jini a bakin dubura, masu taimaka masa riƙe bayan gida. Sai sun kumbura, ko sun zubar da jini, ko sun zazzago waje, sannan a ce cuta. Taurin bayan gida, yawan yunƙuri, dogon tsugunno da juna biyu su ne kan gaba wajen jawo haka.

To, mutum nawa ke da shi? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1990, wanda ya dogara da abin da mutane suka faɗa da bakinsu, ya sami kusan kashi 4 cikin 100, mafi yawa tsakanin shekara 45 da 65. Wani kuma a Ostiriya, a 2012, inda likitoci suka duba da na'ura, ya sami kusan kashi 39, amma fiye da rabinsu ba su jin komai. Gani ya kori ji. Basir ya yawaita, amma bai game kowa ba.

A ƙasar Sinnar maganar ta fi nauyi. Tun da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, ruwa ke bin magudanan gonakin Jazira, inda Hausawa da yawa suka yi aikin auduga, suka kafa ƙauyuka. A cikin magudanan nan akwai dodon-koɗi mai ɗauke da tsutsar bilharziya. Mun san tsargiya, mai sa fitsarin jini. Amma akwai 'yar'uwarta ta hanji, mai sa jini a bayan gida. Manomin da ya ga jinin ya ce basir ne, sai ya shekara goma yana shan jiƙo, alhali tsutsar tana lalata masa hanta, saifa tana kumbura, wata rana ya yi aman jini. Da an gwada bayan gidansa tun farko, da ƙwayar praziquantel ta kashe tsutsar. Haka atuni da ciwon daji na hanji ke ɓuya a bayan wannan suna.

Na san abin da za a ce: kunya ta hana a tuɓe gaban likita, yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuma ya ƙara nisanta asibiti. Gaskiya ne. Shi ya sa ya kamata tafiyar da aka samu yi ta biya buƙata. Idan ka je, kada ka ce wa likita "basir gare ni". Faɗa masa abin da ka gani: launin jinin, tun yaushe, ko kana shiga ruwan magudana, ko kana ramewa. Sanya wa cutar suna aikinsa ne, bayan ya duba.