Gnudi Na Italiya: A Bar Cukun, A Rage Man

A yankin Toskana na ƙasar Italiya akwai wani abinci da ake kira gnudi. Ma'anar sunan ita ce "tsirara", domin haɗin da ake cusawa cikin taliyar rabiyoli ne ake dafawa shi kaɗai, ba tare da ƙullun da ke lulluɓe shi ba. Ana kwaɓa cuku mai laushi da ake kira rikota da dafaffen alayyahu da ƙwai da ɗan fulawa da garin cukun Parmigiano, a mulmula ƙanana, a saka a ruwan zafi. Wanda ya taɓa jefa ɗanwake ba zai ga baƙon abu ba, sai dai su waɗannan da sun taso saman ruwa sun nuna.

Masu neman rage ƙiba da yawa, da sun ji an ambaci cuku sai su ja da baya, ko kuma su rage shi su cike gurbinsa da fulawa. A ganina wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Giram 100 na rikota mai cikakken maiƙo yana da kalori kusan 170, wanda aka rage wa maiƙo kuwa kusan 140. Giram 100 na fulawa ya haura kalori 350. Ke nan wanda ya musanya cuku da fulawa ya ƙara wa abincin nauyi, ya rage masa furotin mai riƙe ciki, sannan ya sami dunƙule mai tauri da ba ya daɗin ci.

Abin da ke tilasta wa mai girki zuba fulawa da yawa shi ne ruwa. Saboda haka aikin gaskiya yana farawa tun daren jiya: a zuba rikota a kyalle mai tsabta, a ɗora kan matata, a bar shi cikin firiji ya tsane. Alayyahun ma bayan an dafa a matse shi da hannu har sai ya daina ɗiga, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Idan an yi haka, cokali uku ko huɗu na fulawa da ƙwai ɗaya sun wadatar da giram 250 na rikota. A fara gwada guda ɗaya a ruwan da ke tafasa a hankali. In bai watse ba, kada a ƙara ko ƙwayar gari.

Sauran nauyin yana cikin abin da ake kwararawa a kai. A al'adance man shanu ake narkawa da ganyen ƙamshi, alhali babban cokali ɗaya na man shanu kalori kusan 100 ne. Kada man zaitun ya ruɗe ku: ya fi alheri ga zuciya, amma babban cokalinsa kalori kusan 120 ne. Miyar tumatir da tafarnuwa, wadda mutanen Toskana su ma suke cin gnudi da ita, ta fi dacewa, da ƙaramin cokali ɗaya na mai da aka auna, ba wanda aka tsiyaya daga bakin kwalba ba.

Parmigiano kuwa ban yarda a cire shi ba, domin shi ne ɗanɗanon abincin, amma yana da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, don haka mai hawan jini ya yi amfani da kaɗan, ya bar kwaɓin babu ƙarin gishiri. Mai ciwon sukari zai sami sitaci ƙasa da na farantin taliya, muddin bai haɗa da burodi ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tukuna, saboda sinadaran fotasiyam da fosforos da ke cikin alayyahu da cuku.

Inda rikota ke wuyar samu, a tafasa madara, a sauke, a matsa lemun tsami har ta tsinke, a tace. Ba rikota na asali ba ne, domin shi daga ruwan da ya rage bayan haɗa cuku ake yin sa, amma yana ɗaure kwaɓin yadda ake so.