Ba Laifin Ƙ Ba Ne Idan Folda Ta Ƙi Buɗuwa

Akwai wata fatawa da wasu masu gyaran kwamfuta ke yankewa ba tare da hujja ba, kuma ɗalibi a Choggu ta Tamale zai iya jinta kamar yadda na Kano zai ji. Idan kwamfutoci biyu na gida ɗaya suka kasa ganin foldar da aka raba tsakaninsu, sai a ce haruffa masu ƙugiya ne suka jawo, a umarci mai ita ya mayar da "Ƙamus" ya zama "Kamus". Wannan magana ba ta da tushe.

Windows na adana sunayen fayiloli da tsarin Unicode, haka ma SMB2, ƙa'idar da kwamfutoci ke musayar fayil da ita tun zamanin Windows Vista. A wannan tsarin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu yana da lambarsa, daidai da ɛ da ɔ da ŋ da ɣ na Dagbanci, harshen mafi yawan mutanen Choggu. Alamomin da aka hana a sunan fayil tara ne: \ / : * ? " < > |. Babu harafin Hausa ko ɗaya a cikinsu.

Ɗalibin Ghana ne ma ya fi cutuwa da wannan shawara. Da yawa daga cikin masu jin Hausa a can, musamman waɗanda ba da ita suka tashi ba, ba sa rarrabe ƙ da k a furuci. Rubutu shi ne abin da ya rage yana tuna wa ɗalibi cewa baki daban, baƙi daban, kafa ba ƙafa ba ce. Wanda ya saba goge ƙugiya a sunan fayil, gobe a takardar jarrabawa zai goge ta.

To, ina matsalar take? Sau da yawa Windows ce ta ɗauki sadarwar gidan a matsayin ta bainar jama'a, don haka ta ɓoye kwamfutar. Sai a sauya ta zuwa ta gida. Wani lokaci wuta ce ta ɗauke, rauta ta sake tashi ta raba wa na'urori sababbin adireshi, alhali ɗaya kwamfutar tana neman tsohon. A duba adireshin yanzu, a rubuta shi kai tsaye, misali \\192.168.1.5. Sannan izini hawa biyu ne, na rabawa da na tsaron foldar kanta, kuma wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Mai neman HomeGroup kuwa ya daina wahala, an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

Fatawa ta biyu ta fi ta farko muni: wai a kunna SMB1, a kashe kalmar sirri, komai zai buɗe. Zai iya buɗewa kam, kamar yadda ɗaki ke buɗewa idan an cire ƙyaure. Ta ɓarakar SMB1 ce WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayiloli a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Microsoft da kanta ta fara daina saka shi a sababbin Windows 10 daga ƙarshen wannan shekarar. Mai gyaran da ya dawo maka da shi ya sayi saukinsa na minti biyar da muryoyin dattawan Zango da ka yi wata uku kana naɗa.

Abin da ya dace shi ne a buɗe asusu mai kalmar sirri a kwamfutar da ke riƙe da foldar, a ba shi izinin karatu kawai idan ba a bukatar gyara, a shiga da shi daga ɗayar. Idan aka sake ce maka ƙugiya ce, ka sa wa foldar suna "gwaji" a gabansa, ku ga ko za ta buɗe.