Itacen Gona da Tallafin da Ya Dace da Manomi

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, wato ranar da ta samu ƴancin kai, Jamhuriyar Nijar kan yi bikin dashen itatuwa. Manya kan fito, a haƙa rami, a dasa, a zuba ruwa, a watse. Al'ada ce mai kyau, amma duk wanda ya koma irin waɗannan wurare bayan rani ɗaya ya san abin da akan tarar: awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe wasu, domin babu wanda ya ɗauki dashen a matsayin nasa. Yawancin itatuwan da suka mayar da gonakin Maraɗi da Damagaram kore ba a dasa su da hannu ba. Labarinsu ya isa ya zama darasi ga kowace gwamnati mai son ƙarfafa wa talakawa gwiwar kiyaye muhalli.

A farkon shekarun 1980, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashe a yankin Maraɗi, dashen kuma yana ta mutuwa. Sai ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kafin damina tohon kututturan tsofaffin itatuwa ne, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, aka datse sauran, aka kare su daga dabbobi, cikin ƴan shekaru sai itace ya tashi. Wannan dabara ce manoma suka laƙaba wa suna sassaben zamani. Ba ta bukatar gandun renon itatuwa, ba ta bukatar ban ruwa. Wuƙa da haƙuri sun wadatar.

Da yunwar 1984 ta afko, aka haɗa dabarar da rabon abinci: wanda ya bar itatuwa a gonarsa ya samu hatsi. Mutane suka karɓa, gonaki suka fara toho. Amma da rabon ya ƙare, da yawa suka koma suka sare abin da suka rena. Ba wauta ce ta sa su ba. Tun zamanin mulkin mallakar Faransa doka ta ɗora itatuwa a hannun hukuma, dokar gandun daji ta 1974 kuma ta ci gaba a kan wannan turba. Manomi na iya renon gawo a gonar gadonsa, ya sare reshe guda, jami'in gandun daji ya ci shi tara. Ga mutumin da ke cikin wannan hali, itace a gona jawo wa kai fitina ne. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya juya al'amarin shi ne sassaucin da aka samu daga baya. Jami'ai suka rage matsa wa manoma, tsarin dokokin karkara na 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara buɗe ƙofa, a shekarar 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman kan wannan dabara. Da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena shi zai ci moriyarsa, bai ƙara jiran buhun kowa ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ribar a fili take. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Da rani sai ya yi ganye, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su ciyar da dabbobi lokacin da ciyawa ta ƙare. Kalgo da sabara na rage ƙarfin iskar da ke binne shuka da rairayi. Kuka, aduwa da magarya na shiga tukunya, suna shiga kasuwa. Matar da a da take yini a daji neman itacen girki, yanzu tana samun datsen rassa a gonar gidansu.

Wannan ba ya nufin gwamnati ta naɗe hannu. Akwai ƙasar da ta riga ta ƙeƙashe, babu kututture ko ɗaya a cikinta, kamar faƙon da ke wasu sassan jihar Tawa. A can sai an haƙa tassa da ramukan rabin wata don tare ruwan sama, aiki ne mai nauyi da mai jin yunwa ba zai iya shi kyauta ba. Biyan lada a irin wannan wuri daidai ne. Sharaɗin kawai shi ne a fayyace tun farko wa zai mallaki filin idan ya farfaɗo. In ba haka ba, talaka ya yi wahala, mai hali ya zo ya gaje.

Haka batun makamashi yake. Yawancin gidajen Nijar da itace suke girki, biranen Yamai, Maraɗi da Damagaram kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Muddin tukunyar birni na dogara da daji, farashin itace zai riƙa jan hankalin mai gatari. Tun da matatar man fetur ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ƙasar ke samar da iskar gas tata. Sai dai rage farashin gas kaɗai ya fi amfanar wanda ya riga ya mallaki tukunyar gas da murhunta. Ita kuwa uwargidan da ke sayen itace ƙulli-ƙulli kowace safiya, abin da ya tsaya mata a wuya shi ne kuɗin sayen tukunyar farko, da nisan wurin da ake cikawa. Can ya kamata tallafi ya dosa: a sauƙaƙa tukunyar farko, a yarda a biya kaɗan-kaɗan, a kai wuraren cikawa ƙananan garuruwa, a kuma yaɗa murhu mai tsimin itace a ƙauyukan da gas bai kai ba.

Akwai sauran gyara a ɓangaren haƙƙi. Mai noman gonar aro ko ta jingina ba ya da tabbacin cin amfanin itacen da ya rena. Mata, waɗanda su ne suka fi hulɗa da itatuwa, ba kasafai suke da gonar kansu ba. Makiyayi ma yana da bukatar ganye da rani, kuma idan ba a zauna an tsara yadda zai samu ba, rigima ce ke biyo baya. Kwamitocin kula da filaye da sarakunan gargajiya su ne suka fi cancanta su warware waɗannan, idan aka ba su ƙarfi da kayan aiki.

Ma'aunin kowane tallafi shi ne abin da ya saura bayan ya ƙare. Rabon hatsin 1984 ya ceci rayuka, amma bai hana a sare itatuwa ba. Tabbacin mallaka ne ya tsayar da su. Don haka kafin a ware kuɗin dashen shekara mai zuwa, ya kamata hukuma ta fara tabbatar da cewa kowane manomi, har wanda ke ƙauye mafi nisa, ya ji da harshensa cewa itacen gonarsa nasa ne, kuma jami'in gandun daji na yankinsa ya ji haka shi ma.