Ganye Ɗaya a Kasko: Amana a Cinikin Furen Kaki

Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban tumfafiya a bayan gari, ya tsinko furenta ya ƙura masa ido, ya ga kunnuwan nan biyar da ɗan kambin da ke tsakiyarsu kamar an sassaƙa shi da aska, to ya riga ya ga rabin siffar furen da nake nufin yin magana a kansa, domin malaman ilmin tsirrai sun haɗa su a zuriya ɗaya. Sunansa a wurinsu Hoya, sunan da masani Robert Brown ya raɗa masa a 1810 don girmama Thomas Hoy, mai kula da lambun wani babban basarake a Syon kusa da Landan. Mu kuwa sai mu ce da shi furen kaki, saboda kaurin ganyensa da sheƙin furensa, waɗanda mutum zai iya rantsuwa da kakin zuma aka ƙera su. Asalinsa kurmin Asiya ne, daga Tailan da Filifin zuwa Borniyo har arewacin Ostareliya, inda nau'o'insa suka kai ɗaruruwa, galibinsu kuma a jikin manyan itatuwa suke nannaɗewa suna shan raɓa da ruwan da ke gangarowa ta ɓawo, ba tare da sun tsotsi itacen kamar yadda kauci ke yi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani nau'i da ake kira Hoya kerrii, da sunan likita Arthur Kerr, ɗan ƙasar Ailan, wanda ya tattara tsirran Tailan a farkon ƙarni na 20. Ganyensa siffar zuciya gare shi, saboda haka duk shekara, idan 14 ga Fabrairu ta gabato, sai a yanko ganyen ɗai-ɗai, a cusa kowanne cikin ɗan kasko, a watsa su kasuwannin Turai da Amurka da sunan kyautar masoya. Ganyen yakan yi saiwa, yakan kuma zauna kore shar shekara da shekaru, amma galibi ba ya ƙara ko da toho ɗaya, domin an raba shi da gaɓar reshe, ita kuwa gaɓar nan ce ke ɗauke da idon da sabon reshe yake fitowa daga gare shi. Manominmu ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan, shi da ya san rake da rogo ba su fita sai an binne sanda mai ido. Mai sayarwa ma ya sani sarai. Mai saye ne kaɗai bai sani ba, yana ta ban ruwa yana dakon abin da ba ya tafe.

Malaman fiƙihu sun daɗe da ba irin wannan ciniki suna: ɓoye aibin haja tadlisi ne, kuma sun ba wanda aka ɓoye wa haƙƙin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Na yarda cewa in mai haja ya faɗa a fili cewa ganyen ado ne kawai, kamar furen da ake sa wa a kwalba, babu laifi a kansa, kowa da abin da ransa ke so. Amma wanda ya rubuta masa sunan shuka, ya haɗa da takardar yadda ake renonta, alhali ya san ba za ta girma ba, ya ci amana, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne hanyar gaskiya ba ta da wuya ko kaɗan. Reshe ake yankowa mai gaɓa ɗaya ko biyu da ganyensa, a bar bakin yankan ya sha iska har ruwan da ke tsattsafowa ya daskare, sa'an nan a tsoma gaɓar cikin ruwa ko a kwantar da ita cikin ɓawon kwakwa mai danshi, a ajiye a inuwa mai haske; kafin 'yan makonni sai ka ga fararen saiwoyi sun leƙo kamar zare. Uwa ɗaya tana iya ba da 'ya'ya shekaru masu yawa, don haka babu uzuri ga masu shiga kurmi suna kwaso tsirrai, abin da ya yi ƙamari a Filifin a 2020, lokacin da zaman gida na annobar korona ya tayar da farashin shuke-shuken ɗaki, har hukumomin ƙasar suka yi ta gargaɗi.

Amanar ba ta ƙare a nan ba, tana bin kayan har cikin kwali idan za a tsallaka da su zuwa wata ƙasa. Ƙa'ida ita ce a wanke saiwa tas daga ƙasa, a naɗe ta da abu mai ɗan danshi, a haɗa da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya ta 1951. Masu gaggawa suna ganin takardar nan ɓata lokaci ce, su saka yankan cikin jakar tafiya su wuce. Su tuna da farin ƙwaron nan mai kama da ɗigon auduga, wanda danginsa ke maƙalewa a hammatar ganyen furen kaki: wani nau'insa ne ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970 a jikin sandunan rogo, ya yi wa gonaki ɓarna mai ban tsoro, har sai da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke kashe shi, aka fara sakinsa a 1981.

Wanda Allah ya sa ya sami yanka na gari, renonsa haƙuri ne kawai. Yawan ruwa ke ruɓar da saiwarsa, saboda haka a bar kaskon ya bushe kafin a ƙara. Ya fi son matsattsen kasko da cakuɗin ɓawo da gawayi. Rana mai zafi tana ƙona ganyen, busasshiyar iska irin ta hunturu kuma tana yanƙwanar da shi. Yana iya ɗaukar shekara biyu ko uku kafin ya yi fure, sa'an nan wata rana sai ga dunƙulen taurari ya rataya, kowanne da ɗigon zuma a bakinsa, ƙamshi yana tashi bayan magariba. Idan furen ya kaɗe, ɗan tsinken da ya ɗauke shi yakan rage tsirara kamar busasshen abu, hannu kuma yakan yi ƙaiƙayin yanke shi. To a kame hannu, domin a kan wannan tsinken ne furen baɗi zai sake fitowa.