Bayan An Ɗinke, Wa Zai Koya Mata Tafiya?



Tun daga shekarar 2013, duk ranar 23 ga watan Mayu duniya kan tuna da matan da ke fama da yoyon fitsari. A ranar mukan ji jawabai da alƙaluma: mata kaza aka yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina, kaza a cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, kaza a Ningi, kaza a Jahun, kaza a Danja ta jihar Maradi. Aiki ne na a yaba, kuma duk wanda ya taɓa ganin fuskar matar da ta wayi gari shimfiɗarta a bushe bayan shekaru ba zai raina shi ba. Sai dai akwai abin da alƙaluman nan ba sa ɗauka. Ba sa gaya mana mata nawa ne suka fita daga asibiti suna jan ƙafa, ko nawa ne aka rufe musu hujin amma fitsarin bai tsaya ba. A kan waɗannan matan sharhinmu na yau zai tsaya, su da aikin likitocin fisiyo, waɗanda jama'a suka fi sani da masu gashin ƙashi.

Bari mu fara da yadda abin ke faruwa. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu, kwana uku, kan jariri ya kafe a ƙugu ya ƙi fitowa, duk naman da ke tsakanin kan yaron da ƙashin uwar yana nan a matse. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar huji tsakanin mafitsara da gaba. Wannan kam an sha bayaninsa a rediyo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin ƙugun nan akwai manyan jijiyoyin laka da suka sauko daga gadon baya za su ƙafa, kuma kan yaron yakan danne su kamar yadda ya danne mafitsara. Ga kuma dogon durƙuso, wanda ke matse wata jijiyar a gefen gwiwa. Idan jijiyoyin nan suka ji rauni, mace ba za ta iya ɗaga gaban ƙafarta ba. Yatsu suna jan ƙasa, silifa yana zamewa, sai ta ɗaga gwiwa sama sosai kafin ta jefa ƙafar. A ƙauye sai a ce iska ce ta buge ta a wajen haihuwa, ko a ce jifa ne, a shiga neman rubutu da turare.

Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya zo Babbar Ruga a farkon shekarun 1980, lokacin wurin yana asibitin kutare, ya yi wa mata sama da 20,000 aikin yoyon fitsari da hannunsa. Shi da abokin aikinsa Thomas Elkins sun wallafa nazari a 1994 a kan mata 947 da ya duba, inda suka nuna cewa raunin jijiyar ƙafa abu ne da ke yawan rakiyar wannan cuta. Fiye da shekara talatin ke nan da sanin wannan matsala, kuma daga matan ƙasar Hausa duniya ta koyi wani ɓangare nata.

To, ita jijiya tana farfaɗowa, amma a hankali ƙwarai, kamar milimita 1 a rana. Mata da yawa ƙafarsu kan dawo cikin watanni, wasu sai an kai shekara biyu. Sharaɗin shi ne kada gaɓar ta sandare kafin jijiyar ta farka. A nan ne ake yin asara. Yarinyar da ta rasa jaririnta, ga fitsari yana bin ƙafafunta dare da rana, ga zarni, me za ta yi? Sai ta shige ɗaki ta kwanta a tabarma, ta haɗe cinyoyi ta naɗe gwiwoyi, da fatan ko yoyon zai tsaya. Ta rage shan ruwa, abinci ma ba ta ci sosai. Wata uku, wata shida a haka, sai agara ta gajarce, gwiwa ta ƙi miƙewa, kwatangwalo ya ƙage. A asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa, wanda Dakta Reginald Hamlin da matarsa Dakta Catherine suka buɗe a 1974, an sha karɓar matan da sai an yi watanni ana miƙar da ƙafafunsu kafin ma a iya kwantar da su a gadon tiyata. Shi ya sa suka mayar da sashen fisiyo wani ɓangare na asibitin, ba ƙari ba.

Kuma aikin da ake buƙata ba na manyan injuna ba ne. A miƙar da agara kullum, ko da ɗankwali aka zagaya a tafin ƙafa ana ja a hankali. A sa abin tallafi da zai riƙe ƙafar a tsaye idan an kwanta, don kada ta kwana a sake. A motsa gwiwa da kwatangwalo. A tayar da mace ta taka tsakanin ƙarafa biyu tana dafawa, daga nan ta koma sanda, daga nan ta sake. Wani lokaci akan haɗa da 'yar na'urar da ke zaburar da tsoka da lantarki. Babban abin da aikin ke ci shi ne lokaci da haƙuri, da ƙwararren da ya san yaushe zai ƙara, yaushe zai dakata.

Ina tunanin wannan duk lokacin da na ga ana raba kekunan ɗinki ga matan da aka sallama. Koya sana'a alheri ne babba, don da yawansu an sake su, ba su da mai ba su ko sabulu. Amma keken ɗinkin da ya fi yawa a karkara na takawa ne. Kafin a miƙa mata shi, ya kamata wani ya duƙa ya duba ko ƙafarta za ta iya taka shi.

Sai batu na biyu, wanda ya fi ci wa matan rai. Likita ya yi aiki, hujin ya rufe, an gwada an tabbatar, amma da ta miƙe tsaye ko ta yi tari sai fitsari ya zubo. A wurin likita aiki ya yi kyau. A wurinta, da wurin mijinta da kishiyarta, har yanzu mai yoyo ce. Dalili shi ne naƙudar ba huji kaɗai ta bari ba. Ta raunata bututun fitsari da tsokokin da ke tsuke shi, mafitsarar ma ta ƙanƙance saboda ta daɗe ba ta tara komai ba. Wasu sai an sake yi musu tiyata. Wasu kuwa abin da suke buƙata shi ne a koya wa mafitsara tara fitsari sannu a hankali, ana shan ruwa sosai ana zuwa bayi a kan lokaci, a kuma ƙarfafa tsokokin ƙasan ƙugu.

Waɗannan tsokoki suna shimfiɗe ne daga ƙashin mara zuwa ƙarshen gadon baya, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura kamar yadda zanen goyo ke tallafe da yaro. Ciki da haihuwa suna ja su, kuma kowace haihuwa tana ƙara nata. Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana tun 1948 cewa ana iya horar da su kamar kowace tsoka. Mace ta tsuke kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ta ja sama, ta riƙe na 'yan daƙiƙu ba tare da ta ɗauke numfashi ba, ta saki gaba ɗaya, ta maimaita. A Ingila ƙa'idar da asibitoci ke bi ita ce aƙalla sau 8 a zama ɗaya, sau 3 a rana, na tsawon wata 3 ko fiye, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kafin a fara maganar tiyata ga mai ɗigar fitsari. Wannan kulawar ita ce ƙashin bayan abin, don mata da yawa idan da baki kawai aka gaya musu, yunƙuri suke yi ƙasa maimakon ja sama, su ƙara wa kansu matsala.

A nan maganar ta wuce masu yoyon fitsari, ta shigo gidan kowa. Iyayenmu mata, ku ne kuka san yawan matan da ke tsoron atishawa a cikin taro. Akwai mai haihuwa bakwai da ke jin wani abu yana saukowa ta gabanta idan ta ɗauki tulu ko ta yi daka. Akwai wadda ke sake alwala sau biyu sau uku kafin ta idar da salla ɗaya, akwai wadda ta daina zuwa Islamiyya da gidan biki ba tare da ta gaya wa kowa dalili ba. Akwai mai ciwon ƙugu tun cikin fari, da wadda kwanciya da miji ta zame mata azaba tun da aka ƙara ta a wajen haihuwa. Idan ta yi ƙarfin hali ta faɗa wa yayarta ko uwarta, amsar da ta fi samu ita ce, “Haka haihuwa take, ki yi haƙuri.” Gaskiya ne abin ya yawaita. Amma yawaitarsa ba ta hana shi zama lalura mai magani ba. Game da salla kuwa, malamanmu sun san hukuncin mai wannan lalura kuma akwai sauƙi a cikinsa, don haka a tambaye su, kada kunya ta raba mace da ibadarta.

A Faransa, inshorar lafiya ta ƙasa ce ke biya wa mai jego zaman horar da waɗannan tsokoki, yawanci zama 10, a wajen ungozoma ko likitan fisiyo, ana farawa kamar mako 6 zuwa 8 bayan haihuwa. Ba na cewa mu kwafi Faransa. Mu ma muna da abin da su ba su da shi, wato jego. Kwana arba'in ana hutar da mace, ana ciyar da ita, akwai tsohuwa a kanta. Al'adar ta riga ta yarda cewa jikin da ya haihu yana buƙatar gyara, kuma wannan babban tushe ne. Gyaran da za a yi wa al'adar shi ne a rage abin da ke cutarwa, don likitoci a Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa tafasasshen ruwan wanka da yawan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego, a kuma shigar da abin da ke amfani. Dubawar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa mai jego a mako na 6 ta zo kusan daidai da arba'in. A ranar ana auna jariri, ana yi masa rigakafi. Minti biyu sun isa ma'aikaciya ta tambayi uwar a keɓe: kina riƙe fitsari da bayan gida? Ƙafarki lafiya? Kina jin wani abu yana saukowa? Ita kuma mai ciki, a wajen awo ya kamata a fara koya mata tsuke tsokokin nan, don bincike ya nuna farawa tun da ciki yana rage ɗigar fitsari a ƙarshen ciki da bayan haihuwa.

Sai dai a ji wannan da kyau: motsa tsoka ba ya rufe huji. Matar da ta haihu ta ga fitsari yana zuba ba tsayawa, dare da rana, asibiti za a kai ta nan take. Dakta Waaldijk ya nuna cewa idan aka sa robar fitsari da wuri, wasu ƙananan hujin sukan rufe da kansu ba tare da tiyata ba. Jira har a yi arba'in na iya jawo asarar wannan dama.

To su wa za su yi aikin? Najeriya tana da hukumar da ke rajistar likitocin fisiyo tun 1988, kuma Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri suna yaye su. Amma galibinsu suna manyan asibitocin birni, irin su Malam Aminu Kano da asibitin ƙashi na Dala, inda layin masu shanyewar ɓarin jiki da masu karaya ya ishe su. Matar da ke Gwiwa ko Maigatari ba za ta biya kuɗin mota sau biyu a mako zuwa Kano don a koya mata tafiya ba. Sannan wannan fanni ne da mace ba za ta saki jiki da namiji a cikinsa ba, kuma ba laifinta ba ne. Don haka muna buƙatar 'ya'yanmu mata su karanci fisiyo su ƙware a lafiyar mata, gwamnatocin jihohi kuma su ɗauke su aiki su tura su inda matan suke. Kowace cibiyar yoyon fitsari ta samu tata likitar fisiyo ta dindindin, wadda za ta ga mace kafin aiki da bayansa, ta kuma horar da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci su ci gaba da bibiyar matar idan ta koma ƙauye. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su sa wannan aiki cikin abin da suke biya. A watan Mayun 2023 Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen Majalisar Lafiya ta Duniya lokacin da ta amince da ƙudurin shigar da aikin farfaɗo da jiki cikin tsarin kiwon lafiya tun daga matakin farko, don haka ba sabon alkawari muke nema ba.

Maigida, kai ma akwai naka. Matar da aka yi wa aiki tana buƙatar watannin da likita ya ɗiba ba tare da an kusance ta ba, kuma ba tare da daka da ɗiban ruwa da ɗaukar itace ba. Idan an ba ta ranar komawa asibiti, kuɗin mota a wuyanka yake. Idan Allah ya sake ba ta ciki, awo tun da wuri, haihuwa kuma a asibitin da ake iya yin tiyata, don ɗinkin da aka yi na iya warwarewa idan ta sake doguwar naƙuda a gida.

Ƙiyasin da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta yi aiki da shi ya nuna mata kusan 12,000 ne ke kamuwa da yoyon fitsari duk shekara a Najeriya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshensa. Muna roƙon kwamishinonin lafiya da shugabannin cibiyoyin nan, idan za su kawo rahoton baɗi, su ƙara layi biyu a ƙarƙashin yawan ayyukan da aka yi: mata nawa ne suke a bushe wata shida bayan sallama, nawa ne kuma suke tafiya ba sanda.