Mu Daina Tura Tsofaffinmu Gida Su Kwanta

Yau zan taɓo wata magana da na san za ta sosa wa wasu rai, amma gara ran ya sosu da mu ci gaba da yin shiru.

Mu Hausawan da ke zaune a Abuja da kewayenta, daga Dei-Dei zuwa Karmo, daga Gwagwalada zuwa Nyanya da Mararaba, muna da wata ɗabi'a da muke kira zumunci alhali cutarwa ce. Da zarar tsoho ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ana sallamarsa daga asibiti sai ka ji manya sun ce, "A kai shi gida." A yi shatar mota, a shimfiɗa katifa a baya, a nufi Katsina ko Kano ko Sakkwato da shi. Can a ƙauye a ajiye shi a ɗaki, mu kuma mu dawo kasuwa muna aika kuɗin magani muna ganin mun sauke nauyi.

A gidanmu na ga wannan abu. A 2022, wata safiya bayan sallar asuba, kofin shayi ya suɓuce daga hannun daman Baba, bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe. Ya yi kwanaki a asibiti, ranar sallama likita ya rubuta cewa a riƙa kawo shi sashen gashin ƙashi sau biyu a mako. A daren nan Baffa ya tara mu ya ce, "Yaya ya tsufa, me za a gasa? Ku bar wahalar da shi, a kai shi gida cikin dangi." Umma ce ta ce sam, ni kuma aka ɗora mini kai shi da dawo da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, mun sha wuya. Mukan fita tun da duhu, mu tarar da layi, wata rana a ce mu dawo jibi. Baba kansa yakan yi fushi ya ce ana wasa da shi kamar yaro. Amma bayan wata shida yana dogara sanda ya je masallaci da ƙafarsa, yana shiga bayi shi kaɗai. Hannun bai dawo duka ba har yau, da hagu yake ƙirga kuɗi a rumfa, amma yana zuwa rumfar.

Maƙwabcinsa a kasuwa kuwa, wanda irin wannan ciwo ya kama kafin shi, gida aka kai shi. Da muka je duba shi bayan shekara, hannun ya naɗe a ƙirji, gwiwar ta sandare, bayansa duk gyambo saboda kwanciya. Wallahi Baba kuka ya yi a mota muna dawowa. Ajali na Allah ne, ban ce gashi na ƙara wa kowa kwana ba. Amma wannan irin kwanciya ba dole ba ce, mu muka zaɓa masa.

Ga abin da masu gashin suka fahimtar da ni. Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne babban mai jawo shi. Ƙwaƙwalwa tana iya sake koyon abin da ta rasa idan ana ta maimaita motsin, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu cikin wata uku zuwa shida na farko ake samunsa. To mai karatu ka lura, waɗannan watannin su ne muke ƙonawa a ƙauye wajen hayaƙi da shafe-shafe da neman wanda ya yi jifa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, mu kuma sai ya huce muke neman maƙeri.

Sunan gashi ma yana ruɗin mutanenmu. Wasu sun ɗauka ruwan zafi ne da tsumma, sai su ƙona fatar da ba ta jin zafi. Wasu su fizgi shanyayyen hannu wajen tayar da shi su ɓata kafaɗar. Wasu su ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ruwa ko rubutu, abin ya wuce huhu ya zama wani ciwon. Aikin na masana ne, kuma gwamnati ta kafa hukumar da ke yi musu rajista tun 1988.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce tawakkali. Malamanmu na nan da ransu, a tambaye su ko neman magani ya saɓa wa tawakkali. Za a ce nisa. To Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jabi, duk suna da sashen gashi. Wanne ya fi nisa, Jabi ko ƙauyenku? In ma dole sai an koma arewa, ai Asibitin Ƙashi na Dala yana Kano, a kai shi kusa da shi mana.

Za a ce kuɗi, kuma wannan gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka zuwa asibiti. Gwamnati ta yi dokar cibiyar kula da tsofaffi da aka sa wa hannu a 2018, ta yi dokar inshorar lafiya ta 2022, sai dai mu 'yan kasuwa ba mu da albashi balle fansho, daga aljihu muke biya. Amma jama'a mu duba kanmu. Mu ne muke haɗa kuɗin anko, mu ne muke cika motoci uku zuwa ɗaurin aure Zariya, mu ne cikin awa ɗaya muke tara kuɗin motar kai gawa gida. Ashe muna da kuɗin kai mutum kabari amma ba mu da na kai shi gashi?

Iyayenmu mata kuwa abin nasu ya fi muni. Tsohuwa ta faɗi, a ce kunya, namiji ba zai taɓa ta ba, shi ke nan ta zauna. Akwai mata masu wannan aiki, tambaya kawai za a yi.

Kirana ga sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da limamai, da shugabannin kasuwa shi ne a buɗe asusu na musamman don kuɗin mota da na gashi. Matasa mu yi jeri, yau wane ya raka tsoho, gobe wane. Duk wanda ya raka ya tsaya ya koyi motsa jikin da za a ci gaba da yi a gida, da yadda ake juya majiyyaci duk bayan awa biyu. A sayi abin awon jini a ajiye a masallaci. Kuma in ka ga bakin tsoho ya karkace ko hannu ya saki, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye.

Waɗannan mutane su ne suka zo Abuja da jakar kaya ɗaya suka kafa rumfunan da muke ci a yau. Kada ranar da ƙafarsu ta kasa ta zama ranar da za mu sallame su.

Baffa, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.